Firamaren garinmu ba fenti take nema ba, a zo a duba ginin tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ina gaisuwa tare da fatan alheri gare ka da duk abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu in miƙa kokenmu ga mai girma gwamnan jiharmu da masu riƙe da harkar ilimin firamare, a kan makarantar garinmu wadda yanzu haka tsohon gininta yake neman faɗowa kan yara. Ni ɗan kwamitin SBMC ne na makarantar, wato kwamitin nan na iyaye da malamai da wakilin mai gari da aka ɗora wa sa ido a kanta, kuma da yawun sauran 'yan kwamitin nake magana. Ba zan faɗi sunan makarantar ko na ƙaramar hukumar a nan ba, kai ma ka san dalili, a ƙasar nan in hoton ruɓaɓɓen aji ya fita a Facebook ba ɗan kwangila ake nema ba, hedimasta ake kira ofis a tambaye shi wa ya ba da izinin ɗauka, ƙarshenta a cilla shi wani lungu da sunan canjin wajen aiki. Sunan da hotunan suna cikin takardar da na haɗo maka daban, duk jami'in da yake da niyyar aiki ya nema ta hannunka.

Makarantar nan 'yar UPE ce. Tun 1976 da gwamnatin soja ta Obasanjo ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa aka gina bulok ɗinta na farko, azuzuwa a jere da ofishin hedimasta a ƙarshe, kuma duk wanda ya san makarantun wancan zamanin ya san a gaggauce aka yi su saboda yara sun yi ta kwararowa fiye da lissafin da aka yi. In kana son tarihin makarantar ba sai ka tambayi kowa ba, bi bango kawai kana karantawa. Akwai inda aka rubuta PTF, wato asusun rarar kuɗin man fetur, gyaran zamanin Abacha kenan lokacin da Buhari ke riƙe da hukumar, akwai bulok ɗin ETF, asusun harajin ilimi, tun kafin a mayar da asusun TETFund a 2011 a ce na manyan makarantu ne kaɗai, sai kuma wani mai aji biyu da wani ɗan majalisa ya yi mana aka rubuta sunansa da manyan baƙi har ya fi sunan makarantar girma. To wannan na baya-bayan shi ya riga na ETF tsagewa, zan dawo kansa.

Tsohon bulok ɗin dai shi ne damuwarmu. Iskar farkon damina ta yaye kwanon ɓangare guda, da kafinta ya hau zai mayar sai ya sauko ya ce wallahi babu inda zai buga ƙusa ta kama, gara ta cinye katakon gaba ɗaya, da hannu kake murje shi. Bangon baya ya tsage tun daga linta har ƙasa, tsagar da babba zai zura hannu ya fito ta waje, kuma bangon ya fara jirkicewa saboda ruwan da ke gangarowa daga hanya nan yake kwanciya ya jiƙa tushen ginin shekara da shekaru. Daɓe kuwa tuni ya zama turɓaya, yara da buhu suke zuwa daga gida su shimfiɗa su zauna, wanda ya samu ɓallen bulo ya ɗora littafi shi ne mai tebur. Tagogi babu ko ɗaya, da hunturu ka shiga ka ga yara 'yan shekara shida sun cusa hannu cikin riga suna karkarwa malam yana ta fama da a, ba, ca. Silin ɗin da ya rage jemagu ne a ciki. Yanzu mun hana shiga azuzuwan da suka fi lalacewa, 'yan aji ɗaya da biyu suna gindin darbejiya, sauran an gwamutsa su aji biyu a ɗaki ɗaya, kuma da zarar hadari ya haɗo daga gabas malamai ba sa jiran kowa, tashin yara suke, mu ma mun goyi bayansu a kan haka. Ka lissafa daga Yuni zuwa Satumba kwana nawa ake hadari da safe ko da hantsi, ka ga karatun da yake tafiya.

Masai guda ne kuma ya rufta. 'Yan mata da suka ɗan tasa, 'yan aji biyar da shida, in suka fita tara ba sa dawowa, wasu ma iyayen sun ce a zauna a gida kawai a je Islamiyya da yamma, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Mu da muke bi gida-gida muna roƙon a sa yara a boko, wani dattijo ya tambaye mu in bangon ya faɗo kan ɗansa wa zai kama, ba mu da amsar da za mu ba shi.

Ba tsoratarwa nake ba Malam Edita. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a Jos ya rufta ana tsaka da karatu, mutum 22 suka rasu, kowa ya ga hotunan. Eh, waccan makarantar kuɗi ce kuma bene ce, tamu ta gwamnati ce kuma a ƙasa take, amma bulo mai inci tara in ya faɗo kan yaron aji ɗaya ba ruwansa da bene ne ko ƙasa. Bayan an yi irin wannan sai ka ga manya sun yi jerin gwanon motoci zuwa jaje, a kafa kwamitin bincike, a ba iyaye ɗan abin ta'aziyya. Kuɗin man motocin da na kwamitin da an tura shi tun farko da ya ɗaura rufi.

Kada a ce mun naɗe hannu muna jiran gwamnati. Bayan girbi mun yi karo-karo, mai tiya ya kawo tiya mai kwano ya kawo kwano aka sayar, tsofaffin ɗalibai da ke aiki a birni suka turo abin da ya sawwaƙa ta wani zaure da suka buɗe a WhatsApp, matasa suka yi gayya suka ɗebo yashi a amalanke. Da shi muka daɓe aji guda muka yi 'yan benci muka sake allo. Iyakar ƙarfinmu kenan. Kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 buhun siminti bai wuce dubu huɗu da ɗoriya zuwa biyar ba, zuwa farkon 2024 ya kai dubu goma har ya wuce a wasu wuraren, bandir ɗin kwano da rodi da katako duk sun bi shi, manomin da yake tunanin taki ba zai iya rushe bulok ya sake ginawa ba ko da kuwa garin gaba ɗaya ya haɗu. Kuma a gaskiya ba aikinsa ba ne. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, har da hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa, to in dole ne a kan uba ya kawo ɗa ai dole ne a kan gwamnati ta samar da inda za a zaunar da shi.

Mun rubuta takarda, dagaci ya sa hannu, hakimi ya sa hannu, muka kai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, suka karɓe mu da mutunci suka ce za su tura sama. Su ma ba na ganin laifinsu can-can, ofishin da kansa yoyo yake. Kundin tsarin mulki ya sa hannun ƙananan hukumomi a harkar firamare, daga kasonsu ake cire albashin malamai, amma kowa ya san yadda asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya mayar da su, in an biya albashi sai ciyaman ya ce babu ragowa. Kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, mu dai a nan ƙauye ba mu ga canji a bangon makaranta ba. Shi ya sa muka ɗaga kai muka dubi jiha.

Kuma kuɗin akwai su, abin da yake ƙona min rai kenan. Ita dokar ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa da ke Abuja, daga ciki akwai kason da ake raba wa jihohi daidai wa daida don gina azuzuwa da gyara da kujeru da masai da ruwa, sharaɗin kawai shi ne jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta, naira a kan naira, sannan hukumarta ta SUBEB ta kai jerin ayyukan da za ta yi a amince. A 2023 kason kowace jiha ya kai kusan naira biliyan 1.4, a 2024 ya haura biliyan 3.5, wato in jiha ta sa nata an tashi biliyan bakwai kenan a shekara guda. Amma a ƙarshen 2024 shugaban UBEC na lokacin, Dakta Hamid Bobboyi, ya bayyana cewa sama da naira biliyan 135 na shekarun 2020 zuwa 2023 suna nan jibge jihohi ba su zo sun ɗauka ba saboda ba su ajiye nasu kason ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Gwamnoni kuma tun da aka cire tallafin mai abin da suke karɓa daga asusun tarayya ƙaruwa ya yi ba raguwa ba, gadar sama ake yi a manyan birane ta biliyoyi, ba na ce kar a yi gada ba, amma dai.

Na san abin da za a ce, makarantu dubbai ne kuma duk haka suke, me ya sa taku. Gaskiya ne. A Kano ma da gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024 da bakinsa ya ce yara sama da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi kuma akwai makarantu wajen 400 da malami ɗaya ne tal a cikinsu, to in Kano ce haka ina ga sauran. Ba mu ce mun fi kowa ba. Tambayarmu ita ce ta wace ƙofa makaranta take shiga wancan jerin da ake kaiwa Abuja? Domin abin da muke gani da idonmu shi ne makarantar bakin titi wadda ayarin gwamna zai wuce ta gabanta an yi mata gyara an sake yi mata, makarantar garin su kwamishina ko garin su wani babban sakatare an ƙara mata bulok alhali na da ma bai cika ba, mu da muke bayan rafi sai an tuɓe takalmi kafin a iso mu da damina ba wanda ya taɓa zuwa da tef ya auna tsaga. In da za a ce ga injiniyoyi sun zagaya sun rubuta wadda ta fi haɗari ita ce ta ɗaya, aka liƙa jerin a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma aka karanta a rediyo, muka ga mu ne na ɗari biyu, wallahi za mu yi haƙuri mu jira layi don mun san akwai layin. Yanzu babu layin, sai wanda ya san wani.

Wani ya ba mu shawara mu nemi AGILE, shirin nan na Bankin Duniya, da muka bincika ashe na 'yan matan sakandare ne, firamare ba ta ciki. Yarinyar da ta bar makaranta a aji biyar saboda babu masai ban san ta yaya za ta kai ga AGILE ba.

Sai maganar da ta sa na sa wa wasiƙar nan wannan kan. Mai girma gwamna, in Allah ya sa koken nan ya iso gare ka, don girman Allah kada a turo mana masu fenti. Mun san irin gyaran, a zo da mota ɗaya, a cusa siminti a tsaga da cokalin birkila, a shafa fenti kalar da gwamnati mai ci take so, a canza kwano uku na gaba waɗanda ake hangowa daga hanya, a kafa allon kwangila a ɗau hoto a tafi, a takarda kuma an rubuta an gyara makaranta kaza, shi kenan ta fita daga lissafi sai bayan shekara goma. Wannan ya fi rashin gyaran illa, saboda yanzu ko ba komai tsagar a fili take muna ganinta muna hana yara shiga, in aka lulluɓe ta da fenti za a mayar da su ciki ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shi bulok ɗin ɗan majalisa da na ambata a gabanmu aka gina shi. Asalin wanda aka ba kwangilar ba mu taɓa ganinsa ba, ya sayar wa wani, wanin ya sayar wa wani, wanda ya zo wajen aikin ɗan abin da ya rage a hannunsa shi ya yi aiki da shi. Buhun simintin da ya kamata ya fitar da bulo talatin aka sa ya fitar da hamsin, ba a ba bulon ruwa ya ƙwari ba, tushe ko gwiwa bai kai ba, rodin linta siriri, katako ɗanye ba a shafa masa maganin gara ba. Birkilolin garinmu da aka ɗauka leburanci sun yi magana aka ce su yi abin da aka sa su ko a kawo wasu. Da muka je a matsayin kwamiti muka ce a nuna mana takardar aikin mu ga me aka ce a yi, cewa aka yi ba hurumin mu ba ne. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC tun 2019 take bin diddigin ayyukan mazaɓu kuma ta sha tilasta wa 'yan kwangila komawa wajen aiki, amma jami'anta nawa ne, ƙauyuka nawa ne. Mu ne muke nan kullum.

Don haka abin da muke roƙo, a fara turo injiniya na gwamnati ya duba tsohon bulok ɗin ya rubuta da hannunsa ko zai gyaru ko rushewa za a yi. Mu a namu ganin rushewa ce, amma mu ba injiniyoyi ba ne, duk abin da ya faɗa mun yarda in dai ya sa hannu ya bar mana kwafi. In rushewa ce a sa mu a jerin ayyukan bana, a gina da tushe mai zurfi a ɗaga dakali sama da hanyar ruwa, a yi magudana a bayan ginin don kar a maimaita, a haɗa da masai na maza daban na mata daban da fanfon tuƙa-tuƙa. In kuma kwangila za a bayar to a liƙa takardar aikin da kuɗinsa a ƙofar ofishin hedimasta, kuma kar a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai shugaban SBMC da shugabar mata ta kwamitin sun sa hannu.

Ko kuma a bi ɗaya hanyar wadda ni na fi so. UBEC da kanta tana da shirin da take tura kuɗi kai tsaye asusun kwamitin SBMC su yi aikin da kansu, al'umma ta kawo nata ɗan kason ko da na yashi da ruwa da ƙarfin jiki ne. Me zai hana jiha ta yi irin nata da kuɗinta? Asusunmu na banki yana nan a buɗe da masu sa hannu uku, muna da birkiloli da kafintoci waɗanda 'ya'yansu ne za su zauna a ajin, mutumin da ɗansa zai zauna ƙarƙashin linta ba zai rage mata rodi ba. A ba mu kashi-kashi, a zo a duba kafin a saki na gaba, in muka ci a kai mu kotu. Na san akwai kwamitocin da shugabanninsu suka ci amana, ba na musu, amma wanda ya ci kuɗin makaranta a garinsu da shi za a yi sallar asuba gobe, ɗan kwangilar da ya zo daga birni kuwa ko lambar wayarsa ba mu da ita.

Lokaci ma abin dubawa ne. An saba a ce a bari sai dogon hutu, alhali dogon hutu a Agusta yake faɗowa, tsakiyar ruwa, lokacin da mota ba ta shigowa garinmu kuma duk wani mai ƙarfi yana gona. Gini a wajenmu na rani ne, daga Nuwamba zuwa Afrilu, hanya ta bushe, matasa sun gama girbi ba su tafi ci-rani ba tukuna, yashi yana nan a rafi kyauta. In aka saki kuɗi a Mayu an makara. Kasafin kuɗi kuma a ƙarshen shekara ake kai shi majalisa, don haka ɗan majalisarmu na jiha, ranka ya daɗe, yanzu ne lokacin da za ka buɗe baki, kuma ba sai an rubuta sunanka a bango ba, mun san ka.

Abin dariya abin haushi, duk waɗannan manyan sun san makarantar. A cikinta akwatin zaɓenmu yake. A 2023 a wannan barandar da take neman faɗuwa ma'aikatan zaɓe suka kafa teburinsu, wakilan jam'iyyu suka wuni a jingine da bangon da ya tsage, nan ake allurar foliyo, nan ake tara mutane in za a raba taki ko gidan sauro, shekarar da ruwa ya ci gidaje ma nan aka tsugunar da mutane. Kowa yana amfani da ita ba mai gyara ta.

Mu dai a namu ɓangaren mai gari ya ce in an tashi aikin zai ba da rumfar ƙofar gidansa da zauren Islamiyya a riƙa karatun safe a ciki har a gama, yashi da ruwa da gadin kayan aiki mun ɗauka, masaukin injiniya da abincinsa ma mun ɗauka. Abin da ya rage wanda zai zo ya duba. Na gode Malam Edita da wannan fili, Allah ya saka da alheri, ya ja zamanin jaridarmu.

Wassalam.

Naku,
Ɗan kwamitin SBMC na wata firamare,
a madadin iyayen yara da malamai.